Jinyar Inna ba aikin ƙanwarka ba ne ita kaɗai

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani matashi ɗan Tawa da ke neman abinci a Abijan. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Shekaruna 27, ni ne babban namiji a ɗakinmu, mahaifinmu kuma ya rasu. Wata biyar ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifiyarmu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma ba ta fita sosai. Yayarmu tana aure a Konni, ƙanena mai shekara 14 yana gida, amma jinyar duka tana hannun ƙanwata mai shekara 16, wadda za ta rubuta BEPC, jarabawar kammala kolej, bana. Kowane wata ina aika jaka 50 na sefa ko fiye. Kwanakin baya na kira ta don in tambayi jikin Inna, sai ta ɗaga mini murya, ta ce kuɗina ba sa wanke kashi, ta ce ta gaji da rayuwa, ta kashe waya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kawunmu ya ce a cire ta daga makaranta ta zauna ta yi jinya da kyau tunda aljannarta take nema, abokaina kuma sun ce in yi aure in ajiye matar a gida. Me kike gani?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya jiƙan mahaifinku. Allah ya kuma yi maka albarka kan abin da kake aikawa, domin na san jaka 50 a hannun ɗan cirani guminsa ne, kuma akwai ranakun da kake hana cikinka don gida ya ci.

Maganar da ƙanwarka ta faɗa maka ba mai daɗin ji ba ce, kuma ba haka aka koya mata ta yi wa yayanta magana ba. Amma ina roƙonka ka ajiye ɓacin ranka na ɗan lokaci, ka zo mu duba yadda yininta da darenta suke, domin daga Abijan ba a ganinsu.

Mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, idan ba ya iya juyawa da kansa, ana buƙatar a juya shi kusan kowane awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da ta gadon baya da diddige za ta mutu ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Idan fitsari ko bayan gida ya zo, dole a canza shimfiɗa nan take, a wanke jiki, a shanya, sannan a wanke zannuwan da ruwan da wani ya ɗebo ko ya saya. Ciyarwa kaɗai tana iya cin rabin awa ko fiye, saboda haɗiya takan yi wa irin waɗannan marasa lafiya wuya, kuma gaggawa tana sa abinci ya bi hanyar numfashi. Ka haɗa da girki, da shara, da ba da magani kan lokaci, da ɗaga babbar mace daga tabarma zuwa kujera. Duk wannan yana kan yarinyar da likitoci ke cewa shekarunta na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, wadda kuma ake so ta zauna a aji da safe ta fahimci lissafi. Wata biyar tana cikin wannan hali. Abin da ka ji a waya muryar rashin barci ce da ciwon baya da tsoro, kuma ta sauke a kanka ne saboda kai kaɗai ne za ta iya saukewa a kansa ba tare da an ce ta yi wa uwa ɗiban albarka ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kalmar "na gaji da rayuwa". Mai yiwuwa furucin gajiya ne kawai, amma ba magana ce da ake bari ta kwana ba. Ka kira ta yau, ba don ka tambayi jikin Inna ba, ka ce mata ita kake nema. Ka tambaye ta yaushe rabon da ta yi barci har gari ya waye, ko tana cin abinci, ko tana kuka ita kaɗai, sannan ka tambaye ta kai tsaye, cikin taushin murya, ko ta taɓa tunanin cutar da kanta. Wannan tambaya ba ta jefa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sai dai ta buɗe masa ƙofar magana. Idan ta ce e, ko ta yi shiru irin wanda ya tsorata ka, to ka sa wata babbar mace da ta yarda da ita ta kwana a gidan tun daga wannan dare, a ɗauke magungunan Inna daga hannunta zuwa hannun wani babba, kuma a kai ta ga likita ba tare da jinkiri ba. Kada ka fara da wa'azi, kada kuma ka nemi ta ba ka haƙuri tukuna. Lokacin wannan zai zo, kuma ina kyautata zaton ita za ta fara.

Akwai wani abu da nake zargin yana faruwa a gidanku ko da ba ka rubuta shi ba, domin haka yake a gidaje da yawa. Idan ka kira, Inna tana murna, tana ƙoƙarin sa maka albarka da ɗan abin da harshenta zai iya, dangi suna cewa wane ya yi ƙoƙari, ya riƙe gida. Ita kuwa wadda ke tsugune gaban kwanon wanki, faɗa take sha idan kunu ya yi zafi ko ta makara daga makaranta. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ba laifin Inna ba ne: wannan ciwo yana taɓa ƙwaƙwalwa, yana kawo saurin fushi da kuka da baƙin ciki, kuma macen da ta saba riƙe gidanta, yau ga ta sai an kai ta bayan gida, tana fahimtar magana amma ba ta iya mayarwa, dole zuciyarta ta yi ƙunci. Sai dai ya kamata wani babba ya bayyana wa ƙanwarka haka, don kada ta ɗauka uwarta ta daina sonta. Kai ma idan ana yaba maka a gaban dangi, ka riƙa ambaton sunanta, ka ce ita ce ke riƙe da Inna.

Yanzu ga shawarar Kawu. Ina girmama shi, kuma na san tausayin ƴar'uwarsa ne ya sa shi faɗin haka, amma ban yarda da ita ba. Gaskiya ne hidimar iyaye tana cikin manyan ayyukan lada, kuma Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana ko da cewa "uf" ga iyayen da suka tsufa. Sai dai wannan umarni bai sauka kan ƙaramar ƴa mace ita kaɗai ba, ya hau kanka, da yayarku, da ƙanenka, Kawu kuma yana da nasa haƙƙin na zumunci a kan wadda suka fito ciki ɗaya. Idan jinya aljanna ce, bai dace a tara wa mutum ɗaya ita har ta karya shi, sauran suna sa albarka daga nesa ba. Allah da kansa ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma lokacin da Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa ransa ma yana da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) ya gaskata shi.

Ka kuma duba abin da cire ta zai haifar. Yarinyar da ta kai ajin ƙarshe na kolej ta yi shekara goma tana zuwa makaranta, a yankin da ƴan mata da yawa ba sa kaiwa nan, kuma saura mata ƴan watanni ta samu takarda. Wadda aka cire da sunan "sai Inna ta samu sauƙi" da wuya ta koma, domin wannan ciwo na watanni ne ko shekaru, kuma abin da ya saba biyo baya shi ne a aurar da ita. A ranar da aka kai ta ɗakin miji, jinyar za ta dawo inda take yau, ku kuma kun rasa karatunta. Ko hukuma ta san da wannan hatsari, shi ya sa a watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman kan karewa da tallafa wa ƴa mace da ke cikin karatu. Idan za ka yi wa Kawu magana, kada ka ce masa ya yi kuskure. Ka ce masa ka ji shawararsa, kana neman alfarmar a bar ta zuwa jarabawa, kuma kana neman taimakonsa wajen cike gurbin. Dattijon da aka nemi taimakonsa ya fi saurin saukowa a kan wanda aka yi wa gardama.

Maganar aure ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Idan kana da wadda kake so kuma kana da hali, ka yi aurenka, Allah ya sa albarka. Amma auro yarinya don ta yi jinya sauke kaya ne daga kan ƴar gidanku a ɗora wa ƴar wani gida, mai yiwuwa sa'ar ƙanwarka, wadda za ka bari ka koma Abijan. Jinyar suruka kyautatawa ce daga matar ɗa, ba wajibi ba, kuma wadda aka kawo ba tare da an gaya mata da iyayenta gaskiyar abin da ke jiranta ba, tana da hujjar yin yaji. Kuɗin da za ka kashe a sadaki da lefe da biki zai biya mai taimako na watanni masu yawa.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka sa a yi zama na dangi, kai kana kan waya, Kawu yana jagoranta, yayarku da mijinta suna ji, kuma a tashi da sunaye da ranaku, ba da "in sha Allahu za mu riƙa leƙowa" ba. Kafin zaman, ka sa ƙanwarka ta lissafa maka duk abin da take yi daga asuba zuwa asuba, ka karanta wa kowa, domin mutane da yawa ba mugunta ce ke hana su taimako ba, ba su san girman aikin ba ne.

Dare shi ne abu na farko da za a raba, saboda shi ne ke kashe mai jinya. A samu aƙalla darare huɗu a mako da ƙanwarka za ta kwana a wani ɗaki ba tare da an tashe ta ba. Matan gidan Kawu, da gwaggonninku, da ƙannen Inna mata idan akwai su a gari, kowace za ta iya ɗaukar dare guda. Yayarku tana da nata gidan, kuma ba a yi mata adalci ba idan aka ce ta bar shi, amma Konni da Tawa tafiyar ƴan awowi ce a mota, kuma idan Kawu ya roƙi mijinta da girmamawa ya bar ta ta riƙa zuwa mako guda a wata, kai kana biyan kuɗin mota, da wuya ya ƙi. Ga awowin makaranta kuwa, ka ware wani kaso na abin da kake aikawa a ɗauki babbar mace ta unguwa, mai ƙarfi da tsabta da amana, a yanka mata albashi na wata, a biya ta kan lokaci kuma kai tsaye. Wasu za su ce abin kunya ne bare ta yi jinyar uwar mutum yana da rai. Ni a ganina abin kunyar shi ne a bar Inna kwance cikin jiƙaƙƙen zane daga safe zuwa azahar, ko a bar ƴarta ta faɗi.

Kada ka manta da ƙanenka. Shekara 14 ba jariri ba ne, kuma zamansa namiji ba ya ɗauke masa komai sai abin da kunya ta hana, wato wankan Inna da tsarkinta. Ɗiban ruwa, da wankin zannuwa, da zuwa farmasi, da kama wa a ɗaga ta, da zama kusa da ita yana yi mata hira ko karatun Alƙur'ani bayan la'asar, duk zai iya. Daga bakinka ya kamata ya ji wannan, domin idan ƙanwarka ce ta sa shi zai ce ta cika sa aiki. Sai dai shi ma yaro ne da uwarsa ke kwance, ka riƙa tambayarsa halin da yake ciki.

Akwai kuma ilimin jinya wanda yake rage wahala ƙwarai idan an same shi, kuma galibi ana sallamar mara lafiya daga asibiti ba tare da an zaunar da masu jinya an koya musu ba. A ziyara ta gaba, ko a babban asibitin jihar Tawa ne ko a Galmi, duk inda ake duba ta, wani babba ya raka su ya roƙi likita ya haɗa su da ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda ake kira kine. Mafi yawan sauƙin da ake samu bayan shanyewar jiki yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, ko da yake ana ci gaba da samun ƙari bayan haka, don haka Inna tana cikin lokacin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Duk abin da ta koya ta yi da kanta, ko zama a gefen gado ne, ko cin abinci da hannun hagu, ko tsayawa da sanda, aiki ne da ya sauka daga kan ƴarta. A nuna wa duk masu kwana da ita yadda ake ɗaga ta da gwiwa a lanƙwashe ba da baya ba, kuma kada a taɓa jan ta da hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa ta bar mata ciwo mai tsanani. A zaunar da ita tsaye lokacin ci da sha, a bar ta zaune kamar rabin awa bayan ta gama, kuma idan ruwa yana sarƙe ta a gaya wa likita, domin sau da yawa kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsagwaro sauƙin haɗiya. A rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa a abincinta. Maganin hawan jini kuwa ba a daina shi don an ga sauƙi ko don an samo na gargajiya, addu'a da magani tare suke tafiya, kuma yanke shi yana iya jawo faɗuwa ta biyu. Idan baki ya ƙara karkacewa, ko magana ta ƙara rikicewa, ko wani sabon rauni ya bayyana farat ɗaya, asibiti za a nufa nan take ko da tsakar dare ne. A rubuta lambar mai mota ko mai adaidaita da za a kira, a manna a bango, don kada wannan hukunci ya faɗa kan yarinya ita kaɗai cikin duhu.

Ta fuskar kuɗi, tun daga 1 ga Satumba na 2024 an rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati, don haka kada tsoron tsada ya sa a tsallake ranar komawa. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin jama'a da ke duba halin masu ƙaramin ƙarfi, kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta Nijar tana da mutanenta a jihohi, waɗanda ya dace a tambaya kan keken guragu ko sanda da kuma haƙƙoƙin da dokar 2019 ta tanadar wa masu naƙasa. Wannan zirga-zirga aikin Kawu ne ko wani namiji babba, ba na ɗaliba ba. Kai kuma ka sayi maganin wata guda gaba ɗaya kafin a taɓa sauran kuɗin, sannan ka ware wa ƙanwarka wani abu da sunanta, ko jaka biyu ce, na sabulunta da littattafanta, wanda ba za ta ba kowa lissafinsa ba.

Makaranta ma tana buƙatar ta san gaskiya. Yara masu jinya sukan ɓoye halin gidansu saboda kunya, sai malamai su ɗauke su malalata masu barci a aji, a yi ta korar su daga ƙofa saboda makara. Kawu ko yayarku su je wurin darakta su yi masa bayani, a kuma sanar da kwamitin iyaye da ƙungiyar uwaye ta makarantar idan tana aiki. Abin da za a roƙa ba mai yawa ba ne: a yi mata uzuri kan makara da ranakun asibiti, a haɗa ta da ƙawa mai kirki da za ta riƙa ba ta littafi ta kwafi darasin da ya wuce ta, kuma wata malama ta riƙa jan ta a jiki. A bar mata ko da yammaci ɗaya a mako ta je wurin ƙawayenta ko kitso ba tare da an tambaye ta wa ta bar wa Inna ba.

Saura kai. Mutanen Adar sun saba tafiya bayan girbi su dawo gab da damina, kuma wannan lokaci ya yi daidai da inda gidanku zai fi buƙatarka: zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Tawa kuma mara lafiya na kwance ke saurin bushewa da samun gyambo, sannan makonnin ƙarshe kafin jarabawa. Idan sana'arka za ta bari, ka fara tara kuɗin mota da na cefanen wata biyu tun yanzu, ka nemi wanda zai riƙe maka wurinka, ka gaya wa ƙanwarka watan da za ka iso don ta san wahalar tana da iyaka. Idan ka zo, kada ka zama baƙon da za a ƙara dafa wa abinci. Ka karɓi juyin dare, ka riƙa kai Inna wurin kine da kanka, kuma kafin ka koma ka tabbatar an biya mai taimako kuɗin watanni uku gaba, an kuma sake zama da Kawu kan yadda rabon kwana zai ci gaba bayan tafiyarka.